Kyanwowi Uku, Baho Ɗaya: Wa Ke Fitsari a Kan Sallaya?

Assalamu alaikum Anti. Daga Kaduna nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Kyanwowi uku gare ni. Gimbiya ce babba, shekararta 8 a hannuna tun ina gidanmu, kuma an cire mata mahaifa bayan haihuwarta ta ƙarshe. Sai ɗanta Goje mai shekara 2, ba a taɓa yi masa komai ba. Sai Auta, da ƙanwar maigidana ta kawo mana tana 'yar jaririya wata biyar da suka wuce. Baho ɗaya na yashi suke amfani da shi a lungun bayan kicin, nan kuma kwanon abincinsu yake, ba mu taɓa samun matsala ba. Yau wata biyu ke nan gidana ya koma zarni. Labulen ƙofar falo, jikin firji, tulin kayan wanki, har sallayata. Ran nan na kama Gimbiya tsugune a kan sallayar, na maka mata tsintsiya na goga mata hanci a wurin, washegari ta sake. Na wanke da Izal, na wanke da Hypo, na banka turaren wuta, duk a banza. Maƙwabciyata ta ce gayya ce, kishin Auta take yi. Wata kuma ta ce in nemi tsari, abin ba na lafiya ba ne. Maigida ya ce in ba a daina ba zuwa ƙarshen wata zai zuba su a buhu a kai su bayan gari. Ga ni da ciki wata biyar, zarnin tayar min da zuciya yake yi. Anti, ina son dabbobin nan. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka.

Ajiye tsintsiyar nan tukuna. Ina jin an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kyanwa ba ta fitsari don gayya. Mu ne muke ɗaukar fitsari a matsayin abin cin mutunci, ita ba haka take ganinsa ba. Kyanwar da ta shekara takwas tana tona yashi tana binne ƙazantarta, in ta wayi gari ta hau sallaya, ɗayan biyu ne: ko wani abu yana yi mata ciwo, ko wani abu yana hana ta isa bahon. Dukan da kika yi mata bai koya mata cewa sallaya ba wurin fitsari ba ce. Abin da ta koya shi ne ke ma yanzu abar tsoro ce, ga ta da ma a tsorace. Batun neman tsari kuwa, addu'a ba ta ɓaci, ki yi abinki, amma ba sai mun je da nisa ba, bayanin yana cikin wasiƙarki.

Na karanta jerin wuraren da kika lissafa sau biyu, kuma ba na jin mai laifi ɗaya ne. Labule da jikin firji a tsaye suke. Sallaya da kayan wanki a kwance suke. Aikin dabba biyu ne daban, kowanne da dalilinsa.

Wanda ke jiƙa labule ba fitsarin matsuwa yake yi ba, feshi yake yi. In kin taɓa ganin muzuru yana yi ba za ki manta ba. Zai shinshina wurin, ya juya masa baya, ya tsaya cak da ƙafafunsa huɗu, wutsiya a miƙe sama tana karkarwa, ya ɗan tattaka ƙafafun baya, ya fesa kaɗan a jikin abin, ya wuce ko waiwaye babu. Ba ya tono, ba ya binnewa, don so yake a ji. Ki duba labulen, za ki ga tabon ya fara daga tsayin kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ya gangaro. Sanarwa ce yake mannawa ga sauran kyanwowi cewa nan akwai mai gida. Zarnin muzurun da ba a fiɗiye ba kuma ya fi na kowa ƙarfi, saboda wani sinadari da jikinsa ke zubawa a fitsari fiye da na mace.

Yanzu lissafa da ni. Auta ta zo tana jaririya wata biyar da suka wuce, matsala ta fara wata biyu da suka wuce. In tana da kamar wata biyu lokacin da aka kawo ta, ke nan abin ya soma ne daidai lokacin da ta kai wata biyar da haihuwa ko kusa da haka, kuma a nan ne macen kyanwa ke fara balaga, wasu ma tun suna wata huɗu. Kina da budurwa a gida, kina da muzuru mai shekara 2, shekarun da kyanwa ke fara neman girma a cikin 'yan uwanta. In Auta ta fara kukan nan na dare tana birgima a ƙasa, muzurayen unguwa ma sun samu labari, suna haurowa ta katanga suna fesa ƙofarki ta waje. Shi ya sa labulen ƙofa ne ya fi shan wahala: Goje yana mayar musu da martani ta ciki. Gobe da safe ki shinshina ƙofar falon ta waje, ki ba ni labari.

Maganin wannan rabin matsalar a bayyane yake, a kai Goje asibitin dabbobi a fiɗiye shi. Kusan 9 cikin 10 na muzuraye suna daina feshi ko su rage shi sosai bayan aikin, kuma zarnin kansa yana raguwa. Aiki ne na 'yan mintuna, da allurar barci, ba irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru a ƙauye ba. Auta ma a cire mata mahaifa kamar yadda aka yi wa Gimbiya, in ba haka ba cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kacal, za ku yi suna tare. In zuciyarki na ɗar-ɗar ta fuskar addini, akwai malaman da suka halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba, ki tuntuɓi malamin da kika yarda da shi.

Gimbiya ce ta fi damuna, kuma ita za a fara kaiwa likita, cikin makon nan.

Kyanwar da ke tsugunawa ta yi fitsari a kan abu mai laushi, sau da yawa mafitsararta ce ta kumbura. Ta shiga baho ta ji zafi kamar ana yanka ta, sai ta ɗora wa bahon laifi, ta tafi neman inda ba zai yi zafi ba. Ki lura da ita: tana yawan tsugunawa amma ɗigo kaɗan ke fita? Tana kuka in tana yi? Tana yawan lasar ƙasanta? Ki ɗora farin tsumma a wurin da ta jiƙa ki ga ko akwai ja-ja. A kyanwowin da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu irin wannan ciwo ba ƙwayar cuta ce ke kawo musu shi ba, kumburi ne da ke tashi idan dabba tana cikin zullumi da takura. Don haka kada ki je kemis ki sayo mata kafso. In kuma kin ga akasin haka, fitsari mai yawa kamar an zubar da kofi, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama, likita zai duba ƙoda da ciwon suga. A shekarunta ciwon gaɓoɓi ma yana iya sa haura bakin baho mai tsayi ya zama aiki. A Kaduna akwai likitocin dabbobi, kuma Zariya ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Abu biyu zan gargaɗe ki a kansu da babbar murya. Kada ki kuskura ki ba kyanwa farasitamol, ko da wa ya ce miki "ɗan ɓantare ne kawai". Hantarta ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Na biyu kuma game da Goje ne. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Ranar da kika ga yana tsugunawa yana nishi babu abin da ke fita, ko ya ƙi abinci yana amai ya lafe wuri ɗaya, ba a jiran gari ya waye. Cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa. Mutane da yawa suna zaton kashi ne ya ƙi fita, su ba shi manja, su rasa shi.

To, a ce likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ko ya ce kumburin nan ne na zullumi. A nan za mu koma lungun bayan kicin.

Ki yi tunanin gidan haya mai ɗaki uku, banɗaki ɗaya, a ƙarshen wani siririn lungu, kuma wani ƙato ya shimfiɗa tabarma a bakin lungun kullum. Bai zagi kowa ba, bai daki kowa ba, yana kwance ne kawai. Haka kyanwowi suke faɗansu. Mu muna jiran mu ji gurnani da yakushi kafin mu ce ana rigima, alhali mafi yawan rigimarsu shiru ake yin ta. Na gani da idona a gidana. Ina da wani baƙin muzuru da kowa ke ce wa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Kullum yana kwance a bakin ƙofar da ke kaiwa wurin bahonsu, ya miƙe ƙafa, ido a lumshe, sai bakin wutsiya ke ɗan motsi. Wata yamma ina tsintar shinkafa na ga 'yar uwarsa ta taho. Tana hango shi ta tsaya. Ya buɗe ido ya kafe ta da kallo, ko kai bai ɗaga ba. Ta zauna, ta lashi kafaɗarta sau biyu kamar da ma abin da ya kawo ta ke nan, ta juya ta koma. Bayan minti goma na tarar da jiƙa a kan buhun da ke bayan ƙofar ɗakina. Wata uku ina zagin baiwar Allah, ashe ɗan sandan yana kwance a gabana.

Ki zauna ki kalli naki haka, kwana biyu, ba tare da kin sa baki ba. Wa ke kwana jikin wa? Wa ke lasar kan wa? Waɗanda ke yin haka 'yan ɗaki ɗaya ne. Wa ke barin falo idan wani ya shigo? Wa ya koma zaman kan durowa ko ƙarƙashin gado? Kasancewar Goje ɗanta ne ba hujja ba ce, a wurin kyanwa ba lallai ne wannan zumunci ya ɗore bayan yaye ba. Kuma kada ki raina Auta. 'Yar wata bakwai da ke laɓewa ta dira kan tsohuwa tana tsakiyar fitsari wasa take yi, amma ga Gimbiya kwanton ɓauna ne. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar da ke farauta ita kaɗai, take da yankinta ita kaɗai. Zaman tare ta koya daga baya, kuma tana yinsa ne in akwai yalwa. Ki duba sallayar ma: tana ɗakinki, inda Goje ba ya yawan zama, tana tsotse ruwa kamar yashi, kuma ƙamshinki ne a jikinta. A duk gidan nan ne wurin da ta fi samun natsuwa.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa, wadda ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka da takwararta mai hedkwata a Ingila suka sa a jagorar da suka fitar a 2014, ita ce baho ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya. Ke huɗu ke nan. Na san kin zaro ido. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, wurin ajiyewa ya fi yawan muhimmanci. In kika jera huɗun a lungun nan, baho ɗaya kika yi mai faɗi, Goje zai tsare su duka da kwanciya ɗaya. Ki rarraba su yadda ba zai iya ganin biyu a lokaci guda ba. Ɗaya a ɗakinki ko kusa da shi, daidai inda Gimbiya ta zaɓa da kanta, ko da bai yi miki kyan gani ba. In ta saba, sai ki riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda kike so. Kowane baho ya zama tana iya hango mai zuwa, kuma tana da hanyar fita biyu. Ban da kusa da janareta ko injin wanki. Abinci kuma ki ɗauke shi daga lungun nan yau, ke ma ba kya cin tuwo a bakin masai. Ki raba musu kwano, kowa da kusurwarsa, ruwan sha a wuri biyu ko uku nesa da abincin. Duk macen da ta zauna gidan yawa ta san rabin fitina a kan murhu da banɗaki take tashi.

Ba sai kin sayi na kanti mai murfi ba, yawancinsu ma sun yi ƙanƙanta. Faffaɗan bahon roba na wanki ya wadatar, tsawonsa ya kai tsawon kyanwar sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin wutsiya, don ta samu juyawa. Na Gimbiya ki yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa. Yashi mai laushi suka fi so, marar ƙamshi, zurfin santimita 3 zuwa 5. In kina da halin sayen na buhu mai dunƙulewa idan ya jiƙe, ya fi sauƙin kwashewa. In babu, yashin gini da aka tankaɗe aka shanya a rana ya yi, sai dai shi ba ya riƙe wari, duk kwana biyu ko uku a zubar a sake. Kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri kuwa kullum ne, safe da yamma in da hali. Baho ɗaya ga kyanwa uku, ina tabbatar miki kafin azahar ya zama abin da ke ma ba za ki taka ba.

Amma ba ke za ki riƙa kwashewa ba. Kashin kyanwa yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta, toksofilasma, da ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Ba dalilin rabuwa da su ba ne, don ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, wanda ke nufin kwashewar kullum ita ce kariyar, kuma ana ɗaukarta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba. Ki ba wani aikin har ki sauka. In ya zama dole ke ce, ki sa safar hannu ko leda, ki wanke hannu da sabulu.

Wankin da kike yi ma yana cikin abin da ke dawo da su. Izal, da duk danginsa masu yin fari idan an zuba a ruwa, guba ne ga kyanwa. Ta taka, ta lashe ƙafa, ya shiga cikinta. Bilic kuma, irin Hypo ɗin nan, idan ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai shaƙe ƙirji, ga ki da juna biyu, kuma wasu kyanwowin ƙamshinsa jan su yake yi. Turaren wuta hancinki kawai yake rufewa, nata hancin yana jin abin da ke ƙasa, shi kuwa mai feshi in ya ji an rufe masa sanarwa sai ya sake mannawa. Ki tsane wurin da tsumma, ki wanke da ruwan sanyi, sannan ki dama garin sabulun wanki irin wanda aka rubuta yana da enzayim a jikin ledarsa, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, ki goge, ki ɗauraye, ki bari ya bushe sarai. In wurin tayil ne ko jikin firji, ki bi da sifirit na kemis, ki hana su wurin har ya bushe. Don gano inda ya ɓuya, 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi tana nuna tabon fitsari a cikin duhu. Katifa ko matashin soso da ya sha ya ƙoshi, sau da yawa haƙuri ake yi da shi. Sallaya kuwa ki wanke ta da kyau. Jikin kyanwa da ragowar ruwan da ta sha ba najasa ba ne, hadisi ya zo da haka, amma fitsarinta najasa ne a mazhabar Malikiyya. Daga yau kina sallamewa ki ninke ki rataye, kayan wanki kuma su shiga kwando mai murfi.

In kina son tabbatar da wa ke yin me, ki jingina tsohuwar waya tana ɗaukar bidiyo ta fuskanci labulen, ko ki keɓe Gimbiya a ɗakinki kwana uku zuwa biyar da bahonta da ruwanta da abincinta. In ta koma amfani da baho lafiya lau da zarar an rufe mata ƙofa, kin samu amsarki, kuma ita hutu ne a wurinta ba kurkuku ba.

Saura maigida. Kada ki ga baƙinsa. Mutum ya dawo daga aiki gidansa na zarni, matarsa mai ciki tana amai, ya shimfiɗa sallaya yana shakkar tsarkinta, ba mugunta ce ta sa shi magana ba. Kuma kada ki tare shi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ya san shi, kuma jifa da hadisi a tsakiyar gardama ba ya sauko da namiji. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki ce masa kin gano dalili, ga abin da za a yi, ga abin da zai ci na kuɗi, ki roƙi mako shida maimakon ƙarshen wata, don bayan fiɗiya jikin muzuru yana ɗaukar 'yan makonni kafin ya huce. Ki hana su ɗakinsa da falo a wannan tsakanin, ya ga canji da hancinsa tun makon farko. Shi kuma ki nemi alfarma ɗaya, a cire maganar buhu. Kyanwar da ta shekara takwas tana cin abinci a kwano da wuya ta iya rayuwa a bayan gari.

Zan faɗa miki wadda ba za ki so ji ba. Wani lokaci ana yin duk wannan, zaman ya ƙi. Akwai kyanwowin da jininsu bai haɗu ba, kuma gida mai ɗaki biyu ba ya zama mai biyar don an ƙara baho. In mako shida suka cika Gimbiya tana nan a ƙarƙashin gado, to a rage yawa, kuma ba ita za ta tafi ba. Auta ce ƙarama, ita ta fi saurin sabo da sabon wuri, kuma kin san gidan da ta fito. Ki fara yi wa ƙanwar maigidan maganar tun yanzu cikin raha, don kada ta zo mata a ba-zata.

Daren yau dai, kafin ki kwanta, ki sa a zuba yashi a bahon wanki ɗaya a ajiye a inda sallayar take, ki shigo da Gimbiya, ki rufe ƙofa. Da safe ki duba yashin: guri nawa ta jiƙa, manya ne ko ɗigo-ɗigo, akwai ja ko babu. Abin da likita zai fara tambayarki ke nan.